Amawalin Sodangi

Duk wanda ya shiga Boɗinga ta hanyar Sakkwato a shekarun da suka biyo bayan dawowar sojan Bama, hancinsa ne ke fara gaya masa ya iso. Tun kafin ka hango rumfunan kasuwa warin siton fata zai tare ka. Wani dogon ɗaki ne na kwano, mallakar wani kamfanin Turawa mai sayen fatar jar akuya, ƙofarsa ɗaya, tagoginsa huɗu. Na ce tagogi huɗu ne don kada in yi wa magini ƙarya, amma duk huɗun an toshe su da katako, an danne da ƙusa, tun shekarar da aka gina ɗakin.

A ciki Sodangi yake aiki. Mutumin Shagari ne, ɗan gidan dukawa, dogo, mara yawan magana, irin mutanen nan da in ka taka musu ƙafa su za su ba ka haƙuri. Wansa Husaini ne ya fara aikin. Ya yi shekara shida, ya koma gida da tari, bai ga girbin shekarar ba. Aka ce kwana ne ya ƙare, aka shafa fatiha. Ko sadakar bakwai ba a yi ba akawun kamfanin ya aiko a tambaya ko gidan akwai sauran mai hannun fata. Damina ta yi gardama a wannan shekara, rumbu ba komai sai ɓeraye, don haka Sodangi ya ɗauko matarsa Kulu suka zo Boɗinga, ya gaji wansa.

Aikin ba shi da wuyar faɗi. Busassun fatu ake kawowa a kan jakuna, daga Danchadi, daga Horo Birni, daga duk ƙauyen da ake yanka akuya, a jibge su a sito. To akwai wani ƙwaro mai cin fata, in ya shiga tuli sai ya mai da shi rariya kafin motar kamfani ta zo ɗauka. Saboda haka kowace fata sai an shimfiɗa ta, an barbaɗa mata wata farar hoda da gwangwani mai huda a gindi, an murza da tafin hannu, an juya an sake, sannan a ɗora wata a kai. A duro ake kawo hodar, jikin duron an zana ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu. Kafin hantsi ɗakin ya turnuƙe. Sodangi da abokin aikinsa Na'Allah ba sa ganin juna sosai, tarin juna suke ji. Hodar tana da ɗaci a maƙogwaro, tana sa ido ruwa, in ta haɗu da gumi sai ta ci mutum a tsakanin yatsu.

Sau ɗaya Sodangi ya taɓa yi wa akawun, Malam Maniru, maganar tagogi. Ya durƙusa ya ce, "Malam, da an ɓalle muna ko katako guda mu samu iska."

Maniru bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Iska ta kwashe hoda, ƙwaro shi ci fatu, wa za a tambaya, ni ko kai? Kamfani bai sawo magani don tsuntsaye ba." Shi dai teburinsa a waje yake, gindin dogon yaro, inda iska ke kaɗa masa takardu har sai ya danne su da dutse.

A shekara ta biyu wani masinja ya zo a kan keke daga Sakkwato da takarda da ƙunshin farin alawayyo. Doka ce aka yi a kan duk inda ake aiki da maganin ƙwari: a buɗe tagogi, a ajiye ruwa da sabulu a bakin ƙofa, a ba kowane lebura ƙyallen da zai rufe hanci da baki, kuma Baturen lafiya zai zagayo ya duba. Maniru ya karanta musu maganar ƙyalle, sauran ya haɗiye abinsa. Masinjan ne ya fesa wa Sodangi ragowar, lokacin da ya roƙe shi ruwan sha a bayan sito. Aka yaga alawayyo kamu biyu biyu, aka miƙa wa Sodangi nasa, aka miƙa wa Na'Allah.

Kulu ta ninka ƙyallen uku, ta kalmashe bakinsa, ta ɗinka masa igiya a gefe da gefe. Da safe Sodangi ya ɗan yayyafa masa ruwa ya ɗaura. Kai, ashe ƙyalle ma rahama ne. Cikin mako guda ɗacin maƙogwaro ya ragu. Ranar nan yana cin tuwo ya tsaya da loma a hannu, ya dubi Kulu ya ce yau ta sa daddawa a miya. Ta ce kullum tana sawa, shi ne dai harshensa ya mutu. Suka yi dariya, wadda rabonsu da ita tun barinsu Shagari.

Amma fa a ƙasar nan kowa ya san wanda ke rufe baki da farin ƙyalle. Amawali ke nan, ɓangaren rawanin da ake jawowa a rufe baki, kuma na masu sarauta ne da manyan malamai, waɗanda aka naɗa a gaban jama'a. Buzu in ya rufe fuska an san al'adarsu ce, ba mai kula shi. To baduku ɗan baduku fa? Mahautan kasuwa suka fara tsokanarsa. Da Sodangi ya leƙo ƙofar sito sai su dunƙule hannu su ce, "Ranka shi daɗe, Sarkin Fata." Shi ma yakan yi dariya ta bayan ƙyallen, ya ɗaga musu hannu irin na manya. Wannan bai dame shi ba, wasa ne tsakanin talaka da talaka.

Wanda ba ya wasa shi ne Abdulƙadir, babban dillalin da jakunansa ke kawo fatun. Jikan wani gidan sarauta ne. Da kujerar gidan ta faɗi aka tsallake shi aka ba ɗan baffansa, tun daga ranar rawaninsa ya fi na mai sarautar girma. Ya yi tafiya lokacin da aka kawo dokar. Ranar da ya dawo yana tsaye a ƙofar sito, masu jakuna na sauke kaya, mahauta na kallo daga rumfarsu, sai ga Sodangi ya fito da fatu a ka. Ya sauke, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ta kamata. Abu ɗaya ya manta, ƙyallen yana bakinsa.

Abdulƙadir ya yi gyaran murya, irin mai ƙarfin nan da yake yi kafin ya yi magana. Ya ce, "Maniru, wa anka naɗa ban ji labari ba?"

Sodangi ya ce, "Ranka shi daɗe, doka ta. Don hoda anka ba mu."

"Doka." Abdulƙadir ya miƙa sandarsa, ya sa bakinta a gefen ƙyallen, ya ja shi ƙasa har wuya, a hankali, yadda kowa zai gani. "Ubanka ya ɗinka ma ubana takalmi shekara talatin. Da baki ruhe yaka gaishe shi? In Nasara sun ba ka ƙyalle, ba su ba ka asali ba."

Bai ce ya tashi ba. Haka Sodangi ya zauna a durƙushe cikin rana har aka gama sauke jakuna goma sha biyu. Mahautan da ke tsokanarsa jiya duk suka sunkuyar da kai, kowa ya sami naman da zai yanka. Ba zafin rana ne ya dame shi ba, kunya ce, irin wadda mutum ke jin da ma ƙasa ta tsage. Maniru kuwa ya duƙufa kan takardunsa, don in jakunan Abdulƙadir suka juya wani wuri, siton ya zama kango. Bayan an watse ya ce wa Sodangi, "Ka ɗaura in ba kowa. In babba ya shigo ka sauke. Mine na abin wahala ciki?"

Abin wahalar shi ne, daga ranar Abdulƙadir ya mai da siton wurin hirarsa. Kullum da hantsi za a kawo masa kujera a dasa a bakin ƙofa, ƙofar nan guda ɗaya tak, ya baje babbar riga ya toshe 'yar iskar da ke shigowa, ya zauna har azahar yana duba fatu. Shi bakinsa a rufe da amawali, hoda ba ta isa gare shi. Su kuwa na ciki ƙyalle a wuya, baki a buɗe, suna murzawa suna shaƙa. Har hannun Sodangi ya koyi aikin da kansa. Da ya ji gyaran muryar nan, kafin ya yi tunani, hannun ya hau ya ja ƙyallen ƙasa. Ko a gida, in maƙwabci ya yi gyaran murya a bayan zana, sai Kulu ta ga mijinta ya kai hannu haɓa, alhali ba komai a wurin.

Da bazara ta kama, kwano ya ɗauki zafi, tarin ya canza murya. Wata safiya Kulu ta ɗauki ƙyallen za ta wanke, ta ga ɗigo-ɗigon jini ta ciki. Ta kawo ta shimfiɗa a gabansa yana shan koko.

Ta ce, "Malam, mu tahi gida. Haka Yaya Husaini ya fara, da idona na gani."

Ya daɗe yana kallon ƙyallen. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, don shi ya riƙe kan Husaini ranar da numfashi ya gagare shi. Amma gida me ke akwai? Gona ba ta yi ba, Inna, mahaifiyarsa, ta tsufa, abin da yake aikawa da shi ake hura wuta. Ya ce, "Masinja ya ce Baturen lahiya na zuwa ran Alhamis. Ba wani abu nika so ba, Kulu, tagogin nan nika so a buɗe. In an buɗe su, ko da baki sake ina iya aikin. In ba a buɗe ba, ke ma kin san sauran."

Ta ce, "In wancan mutum yana wurin fa?"

"Ko shina wurin ba ni saukewa. Kada ki wanke shi, Bature shi gani."

Ya shirya maganarsa, guda uku kacal, don ya san kansa, in ta yi yawa za ta ɓace masa. Tagogin nan kullum a toshe suke. Ƙyallen nan ba a barinmu mu ɗaura. Ga jinin da nake tofarwa. Kwana huɗu yana maimaita su a hanyar zuwa sito da hanyar dawowa, har a sujada sai ya ji suna yi masa yawo a ka, ya yi istigfari.

Ran Laraba da azahar Maniru ya kawo guduma ya ce su ɓalle katakan. Da hannunsu suka ɓalle. Da na farko ya faɗi, haske ya shigo, iska ta biyo shi, hodar da ke rataye a ɗakin ta kama hanya ta fice kamar hayaƙin murhu. Shekara biyu Sodangi yana ɗakin nan, sai ranar ya ga Na'Allah sosai a wurin aiki, ya ga ashe gashin girarsa duk ya zube. Suka yi aikin yamma ba wanda ya yi tari mai tsawo. Sodangi ya ji hawaye na neman zubo masa, don takaici, ba don daɗi ba. Ashe abin da ya kashe Husaini ke nan, katako huɗu. Da zai tafi gida ya hangi Maniru a gindin dogon yaro yana miƙar da ƙusoshin a kan dutse, ɗaya bayan ɗaya, yana zubawa a gwangwani. Katakan kuma an jingine su bayan sito, an rufa musu zana. Nan ya gane in bai yi magana gobe ba, jibi an mayar.

Ran Alhamis aka ajiye daro cike da ruwa a bakin ƙofa, da sabulu sabo fil, ko takardarsa ba a gama ɓarewa ba. Sodangi ya ɗaura ƙyallensa, ya ƙulle igiyar sau biyu a ƙeya. Suna cikin murza fata suka ji tsayawar mota. Ya dake. Ya sake bin maganganun nan uku, duk suna nan. Ya ji takun takalmi mai nauyi, ya hangi Bature a bakin ƙofa da gajeren wando, yana ƙifta ido don ya fito daga rana. Maniru na bayansa.

Sai gyaran murya.

Ai dole, babban baƙo ya zo gari, wa zai rako shi in ba Abdulƙadir ba? Wallahi ba Sodangi ne ya aiki hannun nan ba. Zuciyarsa tana cewa kada, kada, hannun ya riga ya hau, ya finciko ƙyallen da aka ƙulle sau biyu, ya sauke shi wuya. Gwiwoyinsa suka bi, suka kai ƙasa. Na'Allah ma haka. Kafin idon Baturen ya saba da cikin ɗakin an gama komai. Abin da ya gani shi ne tagogi huɗu a buɗe, ruwa da sabulu a ƙofa, da lebura biyu durƙushe cikin hoda, kowanne da ƙyallensa rataye a wuya.

Baturen yana jin Hausa, irin ta littafi. Ya tsaya a kan Sodangi ya ce, "An ba ka ƙyalle?"

"An ba ni, ranka shi daɗe."

"An gaya maka amfaninsa?"

"An gaya mani."

"To don me ba ka ɗaura ba?"

Ga tambayar da yake jira kwana huɗu, an kawo masa ita har gabansa. Ya ɗaga ido kaɗan, bai ga fuskar Bature ba, takalmin Abdulƙadir ya gani, taki ɗaya daga gwiwarsa, jan takalmi mai ado, ɗinkin dukawa. Amsar ɗaya ce, kuma tana tsaye cikin takalmin nan. Amma yaya talaka zai nuna babba da baki, yana tsaye, a gaban baƙo? Tun yana yaro an koya masa yadda ake fiɗa, da yadda ake jima, da yadda ake durƙuso, ba wanda ya taɓa koya masa wannan. Ya laluba maganganun nan uku, ya tarar ba ko ɗaya.

Ya ce, "Na yi kuskure, ranka shi daɗe."

Maniru ya faɗi wani abu da Turanci yana buɗe tafin hannu. Abdulƙadir ya girgiza kai ta bayan amawalinsa, cikin tausayi, ya ce, "Talakawanmu sai haƙuri, Bature. Kullum ana hwaɗa masu."

Baturen nan ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Ya sa Sodangi ya tashi, ya ɗaga masa riga, ya sa abin sauraron ƙirji a kunne, ya saurara gaba, ya saurara baya, fuskarsa ta canza. Ya juya ƙyallen da ke wuyansa ya ga jinin. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce, "Ka ga abin da taurin kai ya jawo maka?"

Taurin kai, ka ji fa. Sodangi, wanda bai taɓa ce wa kowa a'a ba tun da aka haife shi. Abin ya soke shi har ya sami ƙarfin buɗe baki. Ya ce, "Ranka shi daɗe, tagogin nan…" sai tari ya sarƙe shi, ya duƙa yana riƙe da ƙirji, ido ya yi ja. Baturen ya jira kaɗan, ya dubi tagogin, ya ce, "I, tagogi sun yi kyau." Ya rubuta abin da zai rubuta a tsaye, ya wanke hannu da sabulun nan, shi ne mutum na farko da na ƙarshe da ya taɓa shi, ya shiga mota.

Da la'asar Maniru ya karanta masa hukunci, wannan karon bai haɗiye komai ba. Sito ya cika doka. Lebura ɗaya ƙirjinsa ya lalace saboda ya ƙi amfani da abin da aka ba shi, a sallame shi daga aikin hoda. Tunda kuma laifin nasa ne, kamfani ba ruwansa da kai shi asibiti. Maniru ya ninke takardar ya ce, "Da bakinka ka ce ka yi kuskure, kowa ya ji."

Da ya koma gida Kulu ta tare shi a bakin ɗaki. Ta dubi ƙyallen a wuyansa, ta dubi inda igiyar ta gurje masa ƙeya, ta shiga ɗaki ta fara haɗa kwanuka. Wannan kallon ya fi masa zagi ciwo.

Ran Juma'a da safe suka ɗora kayansu a jakin aro. Hanyar Shagari ta gaban sito ta bi, ba yadda za a kauce. Tun daga nesa ya ji guduma. Na'Allah ne a kan duro, ƙusa a baki, yana mayar da katako na uku. Ƙyallensa na wuya, don Abdulƙadir na zaune a kujerarsa. Na'Allah ya ji wucewarsu sarai, bai waiwayo ba, Sodangi kuma bai ga laifinsa ba.

A Shagari aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, inda ya fi iska. Inna ta jiƙa sassaƙe, aka karɓo rubutu, aka yi duk abin da aka yi wa Husaini, a jere, ba a tsallake ko ɗaya ba. Ya rame har zoben azurfar da ya gada ya daina zama a yatsansa. Ƙyallen nan dai yana bakinsa, yanzu ba don hoda ba, don kada Inna ta riƙa ganin abin da yake tofarwa. Abin da ke cinsa a kwance ya fi tarin. Kullum sai ya koma cikin siton a zuciyarsa, ya tsaya a gaban Bature da baki rufe, ya faɗi maganganun nan uku tiryan-tiryan. A kwance ba ta taɓa ɓace masa ba, ko sau ɗaya.

Wata biyu da dawowarsu, ranar kasuwar Shagari, Kulu ta shigo zaure da sauri. Ta ce Abdulƙadir ya zo sayen fatu, an gaya masa gidan, ga shi nan tafe duba mara lafiya. Ta tsuguna kusa da kansa, ta gyara masa ƙullin ƙyallen da hannunta, ta ce, "Malam, yau kam. Ba aiki, ba Bature, ba abin da zai karɓe maka. Don Allah yau kam."

Ya gyaɗa kai. Gaskiya ta faɗa, me ya rage? Tagogi sun tafi, ƙirji ya tafi. Abu ɗaya ya rage masa a duniya, ya kalli mutumin nan da baki rufe, ya gaya masa abin da ya kasa gaya wa Bature. Ya sa ta tayar da shi ya jingina da bango. Ya danne hannunsa na dama a ƙarƙashin cinya.

Inuwa ta rufe ƙofar zaure. Aka yi sallama, aka yi gyaran murya.

Hannun ya zame daga ƙarƙashin cinyar. Sodangi yana kallonsa, siriri, yana hawa, kamar hannun wani. Ya kai haɓa. Yatsun suka kama gefen ƙyallen suka fara ja.

Abdulƙadir ya ɗaga sanda da sauri, cikin kirki, ya ce, "A'a, a'a, Sodangi, bar shi. Bar abinka, kada iska ta shige ka." Ya juya wurin Inna da ke durƙushe a gefe ya ce, "Gidan ga akwai ladabi, Inna. Kin ga halin da shika ciki, amma bai manta girman manya ba. Haka wansa yake, Allah shi jiƙan shi."

Ya yi addu'a mai tsawo, mai kyau, aka shafa. Ya ajiye goro biyu a gefen tabarma. Har ya kai ƙofa ya juyo, ya ce af, ya tuna, Na'Allah ya fara ɗan tari, aiki na neman yi masa yawa, ko cikin dangi akwai sauran mai hannun fata? Inna ta ce za a duba, ranka shi daɗe. Ya fita.

Kulu ba ta ɗago kai ba. Sodangi ya zauna da yatsunsa a gefen ƙyallen, inda aka ba shi izini ya bar su. Baƙin ciki ya cika shi har ya rasa wanda zai tsana, mutumin da ya fita ko hannun da ke jikinsa. Can ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage, ya fizge ƙyallen gaba ɗaya, igiyar da Kulu ta ɗinka ta tsinke, ya jefar da shi ƙasa. Ya buɗe baki ya ja numfashi iyakar iyawarsa. Ga iska nan cike da zaure, ta ƙofar gaba, ta ƙofar baya, ba katako ba ƙusa, sai dai ba sauran inda za ta shiga.